Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Littafin Sa Hannu na Ofishinmu

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa, da fatan jan bironka bai ƙafe ba. Kai na rubuto wa kai tsaye, domin duk sanda na kai kuka wurin Oga, sai ya watsa hannu ya ce, "Ni ba ruwana, littafi ne ya nuna." Tunda ashe kai ne mai kamfanin, gara a yi ta da kai.

Takwas na bugawa ake ja maka layi, duk wadda ta faɗo ƙasansa ta zama malalaciya. Ba ka da gurbin laulayi, ba ka da na ranar awo. Alhali tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya aƙalla sau takwas kafin ta sauka. A layin awo kuwa, wadda ta yi sammako ma sai azahar. Ko in roƙi nas ta auna ni da tsakar dare?

Na kuma ji raɗe-raɗin cewa da na tafi haihuwa za a ba wata gurbina. To, ka gaishe da yayarka Dokar Ƙwadago, sashe na 54. Ita ta yanke mako shida kafin haihuwa, shida bayanta, da aƙalla rabin albashi ga wadda ta yi wata shida tana aiki. Ta hana a miƙa wa mace takardar sallama tana cikin wannan hutu, ta kuma ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a rana. Jihar Kaduna ma tun 2019 wata shida take ba ma'aikatanta mata. Ni ban hango na Kaduna ba, na doka kawai nake roƙo.

Ranar sunan ɗan Oga, da hantsi aka watse cin tuwon suna, ban ga ka ja layi ba. Ashe ka san haihuwa, gidan da ta sauka kake dubawa.

Ka buɗe gurbin awo mu rabu lafiya. In ka ƙi, Kotun Ma'aikata na karɓar littafi a matsayin shaida, kai kuma ba ka iya ƙarya ba: duk ranar da na kai magariba a kan tebur, a cikinka aka rubuta.

Taka mai biyayya,
Mai zuwa aiki su biyu, albashin mutum ɗaya.