Siket Ɗin Da Bai Iya Gaisuwa Ba

Abin ya faru ne ranar Asabar ɗin da ta wuce, a garin Roni, da wata baiwar Allah 'yar Kazaure wadda ba za a faɗi sunanta ba. Ita ta roƙi a ba da labarin kamar na wata ne, domin har yanzu in ta tuna sai tafin hannunta ya jiƙe da zufa, biron ya riƙa sulɓewa. To, ga shi tun ba a je ko'ina ba an fara tona ta. Mu dai ci gaba.

Bikin 'yar yayarta ake yi, aka fitar da anko. Atamfa ce mai ruwan ganye da ɗigon goro, aka sari dila guda a Kantin Kwari aka rarraba, kowace mace turmi ɗaya, yadi shida. Masu hankali suka yi riga da zani da ɗankwali suka huta. Baiwar Allah kuwa wata ƙawarta ce daga Babura ta turo mata hoto ta WhatsApp: siket irin wanda teloli ke kira sikis-fisis, wato falle shida ake yankawa a harhaɗa, ya kama jiki daga ƙugu zuwa saman gwiwa, daga nan ya buɗe kamar wutsiyar tarwaɗa. Matar da ke cikin hoton a tsaye take, ta riƙe ƙugu. Babu wanda ya tambayi ko ta taɓa zama.

Teloli maza da yawa a ƙasarmu ba sa ɗora tef a jikin matar aure. Kayan da ake sawa ake aika musu, su shimfiɗa a tebur su auna. Baiwar Allah ta aika da siket ɗinta na Ƙaramar Sallah, wanda aka ɗinka wa matar da ta fito daga azumin wata guda. Tsakanin Sallar nan da ta layya wata biyu ne da kwana goma, bikin kuma ya zo mako uku bayan layya, lokacin da kowane gida akwai soyayyen nama a samira, ana wucewa ana ɗan tsakura. Da yaron aike zai tafi har ta ƙara masa da saƙo: "Ka ce masa ya ɗan kama." Telan ya kama. Ba shi da laifi ko na sisin kwabo, kuma an faɗi haka ne a nan don ta riga ta tsine masa a zuci sau uku a kan hanyar dawowa, tana neman yafiya.

Duk macen da ta taɓa riƙe almakashi ta san atamfa saƙar auduga ce, ba roba a cikinta, ba ta miƙewa. Jikin mutum kuwa yana canzawa da motsi: in mace ta zauna, faɗin ƙugunta kan ƙaru da inci ɗaya ko biyu a kan awon tsaye, in ta durƙusa cinya da gwiwa su ma su nemi nasu rabon. Shi ya sa ƙwararren tela yake barin kamar inci biyu na sarari a ƙugu, ya bar rarar yadi a cikin ɗinki don ranar buɗawa, in siket miƙaƙƙe ne ya yi masa tsaga a baya. Sikis-fisis ba shi da tsaga, buɗewarsa daga gwiwa take farawa, wato daidai inda aka gama buƙatarta. A sa masa shafi a ciki, ya ƙara ƙanƙamewa. Sannan a rufe duka da ɓoyayyen zif ɗin nan mai siraran haƙoran roba, wanda an yi shi ne don kada a gan shi, ba don ya yi dako ba. Zani bai san duk wannan ba. Yadi biyu ne, ba awo, ba zif. Macen da ta ɗaura shi tana amarya da shi za ta yi goyon ciki har wata tara, sai dai bakin zanin ya matsa kaɗan.

Saura magana ɗaya, kuma ita ce cibiyar masifar. Mata da yawa kan sa ɗan gajeren wando a ƙarƙashin siket, wanda ake kira tayit, mai santsi da roba, saboda gogar cinya a lokacin zafi da kuma hawa babur ko mota. Kakanninmu fatari suke sawa. Ranar kai amarya da asuba ba wuta, tayit ɗin baiwar Allah yana kan igiya bai bushe ba, sai ta laluba cikin wankin ƙaninta ta jawo wani gajeren wando ta zura a duhu. Na ƙwallo ne, mai kauri, da roba da mazagi, shi ma ya ci nasa incin. Mutum biyu suka ja mata zif tana kwance rub da ciki a kan gado, kamar ana ɗaure buhun gero.

Hanyar Roni ba ta da wani labari. Ta shiga bas a karkace, ta zauna da gefe guda, aka miƙo cincin ta ce tana azumin nafila. Duwatsun Roni suna ɓullowa ta fara jin ƙafarta ta dama ta mutu.

Aka kai amarya ɗakinta, aka ce dangi su zo su gaida kakar ango, a damƙa amana. Tsohuwar tana zaune a kan darduma a tsakar gida, da casbi a hannu, mata sun fi arba'in a kewaye, wasu a tabarma, wasu a kan turmi. Layi aka yi. Kowace ta zo ta zube gwiwa biyu, ta gaida, ta tashi, zaninta ya bi ta lafiya lau. Baiwar Allah tana matsowa tana lissafi. Ta rusuna kawai? A gidan surukai, ranar farko, ƙanwar uwar amarya ta gaida tsohuwa a tsaye? Ai kafin a kai Kazaure an gama cewa dangin amarya ba su da tarbiyya. Ta yi bismillah. Gyalen nata ɗan ƙarami ne mai shara-shara, an zaɓe shi don ya shiga da ɗigon goron, kuma a lokacin yana naɗe a kafaɗa ɗaya, ba ya tsare komai.

Gwiwar hagu ta sauka lafiya. Har ta ji daɗi. A nan ne ya kamata ta tsaya.

Ta dama tana rabin hanya aka ji "ƙis". Ƙaramin sauti ne, kamar an karya tsinken sakace, kuma ta sha maimaita shi a kunnenta tun ranar: ƙugiyar da ke saman zif ce ta yi sallama. Akwai daƙiƙa guda bayan wannan da har yanzu take ganin da ta yi wani abu a cikinta, ko tari, ko suma. Amma nauyin jiki ya riga ya tafi, ba a kiran sa ya dawo. Gwiwar dama na taɓa ƙasa zif ɗin ya buɗe daga sama har ƙasa, "tirrr", bai tsaya a inda tela ya tsayar da shi ba, ya miƙa wa ɗinkin baya sanda, shi kuma ya ci gaba, "ɓarrr", zare bayan zare, a natse, kamar mai karanta sunayen waɗanda suka ci jarrabawa. Sai iska. Wata sanyayyar iska ta yamma ta ratsa bayana, wato bayanta, ta san cewa an gama.

Gidan ya yi tsit. Har mai daka a bayan ɗaki ta tsaya.

Abin da mata arba'in suka gani ja ne wur. Wandon Liverpool ne na gwanjo, kuma da yake a duhu aka sa shi, gabansa ne ya koma baya. Tambarin tsuntsun yana gefe guda, a ɗaya gefen ga lamba fara tas, 11, lambar da Mohamed Salah ya ɗauka tun zuwansa kulob ɗin a 2017. Wani yaro ɗan shekara bakwai da ke cin alkaki a gindin rijiya ya miƙe tsaye, ya nuna da yatsa, cikin murnar wanda ya ga ɗan'uwa a baƙon gari, ya ƙwala: "Salah!"

Kakar ango ta ɗaga kai ta dubi rana. "Wace sallah kuma? Ai mun yi la'asar."

Ita tsohuwar ba ta ga komai ba, domin gaban baiwar Allah ne ke fuskantarta, kuma gaban lafiyarsa ƙalau. Don haka ta shiga gaisuwa yadda aka gada. Kun zo lafiya? Lafiya lau, Inna. Ya hanya? Alhamdu lillahi. Ya mutanen Kazaure? Suna gaishe ki. Ya maigidan? Ya yara? Ya taro? Ya muka ji da zafi? A wannan tambayar ta ƙarshe baiwar Allah ta so ta ce ita dai ta baya ba ta jin zafi ko kaɗan. Ba ta iya tashi, domin in ta miƙe siket ɗin zai zauna a ƙasa ya bar ta. Ba ta iya juyawa. Ta kama ƙugu da hannu biyu tana amsa gaisuwa, tana jin yadda dariya ke taruwa a bayanta kamar hadarin gabas.

A nan Allah ya kawo Gwaggo. Gwaggon ba tata ba ce, ta wajen ango ce, daga Gwiwa ta zo, irin tsofaffin nan da ba a taɓa yin matsalar da ba su da maganinta. Ta taso daga tabarma, ta zagayo, ta tsuguna a bayan baiwar Allah, ta ƙare wa ɓarnar kallo kamar malamin gona a gonar da fari suka ci.

"'Yar nan, kyandir za ki samu," ta ce da ƙarfi, yadda na ƙofar gida ma za su amfana. "Ki goga masa kyandir. Zif in ya ƙi, kyandir ne maganinsa. In babu, sabulu."

Gaskiya ne, kyandir yana sa zif mai cijewa ya sulale. Amma wannan zif bai cije ba. Rabinsa yana gabas, rabinsa yana yamma, kan kuma ya yi tsalle ya faɗa wani wuri da sai washegari mai shara ta tsinto shi.

"To, Gwaggo."

"Ki kuma riƙe numfashi. Ciki ne ya tura shi."

"Na riƙe, Gwaggo."

Gwaggo ta kama bakin atamfar ta murza tsakanin yatsu biyu, ta kai hanci, ta taɓe baki. "'Yar Caina ce. Da 'yar Kaduna ce ta zamaninmu, wallahi ko doki kika hau ba ta yi miki haka." Daga nan ta juya ga jama'a ta buɗe darasi: yadda aka sa mata 'yar Kaduna da Holan a lefe, yadda har yau tana da ɗaya a ƙasan adaka ko kodewa ba ta yi ba. Ba ƙarya ta yi ba a kan tarihin. Masaƙar Kaduna ta farko ta fara aiki a 1957, masaƙar UNTL ta biyo baya ta zama babbar cikin masaƙun garin kafin ta rufe a 2007, Holan kuwa kamfanin Vlisco ne ke buga ta a garin Helmond, kamfanin da aka kafa tun 1846. Sai dai a yi wa mutanen Sin adalci: atamfarsu ko ƙwarzane ba ta yi ba. Zare ne da zif suka gudu suka bar ta. Kuma duk tsawon wannan lacca Gwaggo tana riƙe da bakin yagewar a buɗe, don masu sauraro su ga abin da ake magana a kai.

Ta laluba ɗankwalinta ta zaro fil guda ɗaya, ɗan ƙarami, irin na maƙale hijabin yara. Ta auna shi da yagewar da ta kai kamu biyu. Ta mayar da shi kanta. "Wannan ba zai yi ba. Kuma nawa ne." Sai ta sunkuyo kusa da kunnen baiwar Allah, wai za ta yi raɗa, amma raɗar Gwaggo ana jin ta a zaure: "Gobe in za ki durƙusa, ki fara tattare shi sama tukuna." Ta yi shiru, ta sake leƙa jan wandon, ta ƙara da tausayi na gaske: "Shi wannan kuma kin sa shi baibai. Aljihun a gaba yake zama." Wandon ba shi da aljihu.

Wata matashiya mai jego ce, Allah ya saka mata, ta kwance zanin goyonta ba ta ce uffan ba, ta yafa mata daga baya. Zanin yana ɗan warin abin da jarirai ke yi, kuma ba a taɓa ɗaura wa baiwar Allah tufa mai daraja irinsa ba. Ta miƙe a cikinsa, siket ɗin ya zame ya taru a idon sawu, ta tsallake shi kamar mai tsallake kwata. Kakar ango ta bi ta da addu'a, tana cewa wannan yarinya akwai ladabi, duk cikin dangin amarya ba wadda ta daɗe a durƙushe kamarta.

Roni da Gwiwa da 'Yankwashi da Kazaure duk masarauta ɗaya ce, wadda Ɗan Tunku ya kafa a 1819, kuma labari ba ya neman izinin hakimi kafin ya zaga ta. Babura tana ƙarƙashin Ringim, amma ko isha'i ba a yi ba ƙawar nan mai hoto ta kira tana tambaya ko gaskiya ne. Ƙaninta ya karɓi wandonsa ya ce an buɗa masa roba. Yaran unguwar amarya sun riga sun raɗa mata suna, Anti Salah.

Ranar Talata da hantsi wani direban motar Gwiwa ya yi sallama a ƙofar gidanmu, ya ba da ƙulli a baƙar leda, ya ce wata tsohuwa ce ta ce a kawo wa mai siket. Kyandir ne guda biyu.