Madalla da Gidan da Ya San Inda Titi Yake

Duk mai son ganin inda hikimar gini ta ƙure, ya shiga sababbin unguwannin da suka kewaye Atlanta a Amurka, ya bi layi a mota sannu a hankali. Gidaje ne reras, kowanne da fuskar jan bulo, sai ka ce don jikokin jikoki aka gina su. Sharaɗin ɗaya ne: kada ya sauka daga mota, in kuma ya sauka kada ya leƙa lungu. Domin a da dama daga cikinsu, jan bulon nan daga kusurwa yake sallama. Daga nan sai fallayen roba su karɓa, su bi gefe, su zaga baya, su dawo ta ɗaya gefen. Bango huɗu ke ga kowane gida, amma magini mai basira ya lura ɗaya ne kaɗai ke kallon titi. To, don me za a yi asara a kan sauran ukun? Babbar riga ce ta shadda, an zuba mata aska takwas a gaba, an ɗinke bayan da buhu. Muddin mai ita ya iya barin taro da baya-da-baya, wa zai ce ba attajiri ba ne?

Shi kansa bulon da ke gaban an tausaya masa. Layi ɗaya ake jerawa, kaurinsa bai wuce inci 4 ba, kuma ba ya ɗauke da komai. Katako ne ke riƙe da rufi da bene da duk nauyin gidan. Tsakanin bulon da katakon akwai rata kamar inci ɗaya, sannan an ɗaɗɗaure shi da 'yan ƙarafa don kada ya kife wa mai wucewa. A can ƙasa birkila kan bar 'yan kafofi, saboda ruwan da ya ratsa ya samu hanyar fita. Aikin bulon kawai a gan shi, kuma yana yin aikin tsakani da Allah.

Ita ma robar ba a raina ta. Tun ƙarshen shekarun 1950 ta shigo kasuwa, dangin robar bututun ruwa ce, ba ta son fenti, gara ba ta cin ta. Iyakar abin da take roƙo kada a kusantar da ita da murhun gashin nama, don narkewa take ta zubo. Akwai ma inda gilashin tagar maƙwabci ke tattara hasken rana ya haska mata, ta lanƙwashe. Gefen da rana ba ta kai masa kuwa gansakuka ke rufe shi. Duk wannan a lungu yake faruwa, kuma lungu ba ya fita a hoto.

Abin da ya fi burge ni marufan taga ne. A zamanin jahilci, kakannin Amurkawa sun riƙa sa wa taga marufi na katako mai hinji, su rufe in guguwa ta taso ko rana ta yi zafi. Jikokin sun waye. Taga ce faɗinta ƙafa shida, sai a samo marufi na roba mai faɗin inci 14, a kafa ɗaya dama ɗaya hagu, a ɗaure su tam da bango da kusoshi. Ba sa motsi. Ko da ma sun motsa, su biyun a haɗe ba za su rufe rabin tagar ba. Wani lokaci har taga ta yi kusa da kusurwa, wuri ya ƙare, sai a bar ta da marufi ɗaya, ba mai tambaya. Kada a ce ba su da amfani: rina na samun wurin gina gida a bayansu, ba haya.

Haka barandar gaba, an jera mata ginshiƙai farare da kujera mai lilo da ba a taɓa zama a kanta ba. Mai gidan ta gareji yake shiga: ya danna maɓalli daga cikin mota, ƙofa ta ɗaga, ta sauka a bayansa. Ƙofar gaba ta mai kawo saƙo ce da dillali. Amma ita ake yi wa ado. A 2018 kamfanin Zillow ya duba hotunan gidajen da aka sayar, ya ce masu baƙar ƙofa sun fi abin da aka zata tsada da dala 6,271. Gwangwanin fenti ɗaya ke nan. Wane ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari ya taɓa ganin irin wannan riba?

Tashar talabijin ta HGTV ta fara shirin gyaran fuskar gida tun 1999, kuma almajiranta sun yi karatu. Yayin da ake ciki shi ne a shafe jan bulon da farin fenti, a yi wa tagogi baƙi. Bulo yana shan ruwa yana fitarwa. In aka lulluɓe shi da fenti, aka kuma toshe kafofin nan don sun ɓata kwalliya, laima ta maƙale a ciki. Sanyi ya zo, ruwan ya daskare ya kumbura, fuskar bulon ta riƙa ɓantarewa. Sai dai wannan yana ɗaukar shekaru, kafin nan an sayar da gidan. Wanda ya saya shi ma zai ga shirin talabijin, ya san abin yi.

Ciyawa kuwa sai a cire mata hula. Lokacin da William Levitt ya fara gina unguwar Levittown kusa da Niyok a 1947, ya sa wa mazauna doka su yanke ciyawar ƙofar gida kowane mako daga Afrilu zuwa Nuwamba, ya hana katanga. Mutumin ya ƙaunaci daidaito har ya daidaita launin mazaunan: takardar gidan ta ce Turawa farare kaɗai. Unguwa ta yi kyau daga titi ƙwarai. Zuwa 2005, wani bincike da aka yi da hotunan tauraron ɗan'adam na hukumar NASA ya kiyasta cewa filin ciyawar ado a Amurka ya ninka na masarar da ake yi wa ban-ruwa sau uku. Ga noma na gaskiya: a zuba taki, a zuba ruwan famfo mai tsabta, a jira ya tsiro, a yanke, a zubar. Ba akuya, ba tunkiya. Da fari ya addabi Kalifoniya wajajen 2014, aka taƙaita ban-ruwa, sai masu fasaha suka fito da injin feshi suna yi wa busasshiyar ciyawa koren fenti. Jihar Nebada ce ta fara ɓata wasa a 2021, ta yi dokar tuge ciyawar da ba a komai da ita a yankin Las Begas, wai Kogin Kolorado na ƙafewa. Kogi ai ba ya ƙara wa gida daraja.

Kuma ba a bar wannan alheri ga son ran mutum ba. Amurkawa sama da miliyan 70 na zaune a ƙarƙashin ƙungiyoyin masu gidajen unguwa, masu ikon zaɓar launin ƙofarka, su hana ka shanya a igiya, su ci ka tara, in ka taurare su kai ga sayar da gidan. A jihar Fulorida, a 2008, wani dattijo ya kwana a gidan yari saboda bai bi umarnin kotu na sabunta ciyawarsa da ta bushe ba. Ya ce kuɗin biyan bashin gidan ma da ƙyar yake haɗawa. Wa ya tambaye shi bashi? Bashi ba a ganin sa daga titi.

Mu ma nan Allah Ya sa mun fara kama hanya, ko da yake da sauranmu. A sababbin unguwannin Kano da Kaduna za ka ga an manna tayil mai sheƙi a katangar gaba, an kafa get na miliyoyi da fitilu a kan ginshiƙai, gefen gidan kuwa ko filasta bai gani ba. Tayil ɗin kan sauko har bakin kwata ya tsaya cak, inda leda da baƙin ruwa ke kwance tun damina. In ka yi wa Alhaji maganar, sai ya dube ka da mamaki ya ce, "Haba malam, ai kwata ta gwamnati ce."