Dinya Ta Tare a Unguwar Masu Hali

Daga watan Maris zuwa Mayu, unguwannin bayan gari na Amurka da Kanada sukan shiga wani yanayi da ba ya cikin hasashen masana yanayi. Za ka ga ƙato, manaja guda, ya sha kwat da laktaye, ya fito daga mota yana taƙama, kafin ka ƙifta ido ya watsar da jaka ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Abin da ya koro shi tsuntsuwa ce, dinyar Kanada, mai baƙin wuya da farin ƙyalle a haɓa kamar mai ciwon haƙori. Ta miƙe wuya, ta baje fukafukai, tana huci, tana bin sa har ƙofar ofis.

Lokacin kwanci ne. Macen takan kwanta a kan ƙwai 5 ko 6 na kusan kwana 28, maigidan kuwa ya kama aikin gadi ba dare ba rana. Matsalar ita ce inda suke zaɓar yin sheƙa: tsakiyar wurin ajiye motoci, tukunyar fulawa a ƙofar kanti, gefen hanyar shiga asibiti. Duk wanda ya gifta, a ganin maigidan, ɓarawon ƙwai ne, ko da farfesa ne, ko da mai ginin ne da kansa.

To wa ya gayyato ta? Su ɗin nan masu gudun. A tsakiyar ƙarnin da ya wuce an ɗauka babban jinsin wannan dinya ya ƙare saboda yawan farauta. A 1962 wani masani, Harold Hanson, ya gano sauransu a wani tafki a garin Rochester na jihar Minnesota. Aka yi murna, hukumomi suka yi ta kiwonsu ana sakinsu jiha-jiha. Su kuwa waɗannan 'yan kiwo ba su tashi gaban iyayen da za su koya musu hanyar ƙaura ba, sai suka zauna inda aka ajiye su. An ce baƙo raɓa ne, amma wannan baƙon rana ta fito ta take, yana nan daram.

Sannan mutanen unguwa suka shiga yi wa dinyar hidima ba tare da sun sani ba. Suka shimfiɗa ciyawa, suna ba ta ruwa da taki, duk Asabar a aske ta, alhali gajeriyar ciyawa mai taushi ita ce tuwon dinya. Suka haƙa tafki a tsakiyar rukunin gidaje don tara ruwan sama da ƙawata wuri, ga mafaka ke nan. Suka share duhuwar da dila zai laɓe, suka hana harbi a cikin gari. Da aka gama sai aka kira taro, ana tambayar juna cikin mamaki: wai me ya kawo tsuntsayen nan? Kowa ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa.

Mai karatu da ya fara tunanin tukunya da yaji, ya dakata. Tun 1918 akwai dokar tarayya a Amurka da ke kare tsuntsaye masu ƙaura, kuma dinyar da ta daina ƙaura har yau tana cin albarkacinta. Ba ka taɓa sheƙa ko ƙwai sai da izini. Ko shafa wa ƙwan man masara don kada ya ƙyanƙyashe, sai ka yi rajista da hukumar kula da kifaye da namun daji.

Don haka sai a koma kwamitin unguwa, kuma kwamiti ya rabu gida biyu. Ga masu tausayi, da ke kai jikoki bakin tafki da ledar burodi, duk da allon da ya ce kada a ciyar, duk da cewa burodin na iya karkatar da fiffiken 'yan tsaki. Ga kuma waɗanda suka taka kashi da sabon takalmi, su ba sa son jin komai sai yaƙi. A yi ta muhawara har a cimma matsaya: a sayo kerkecin roba a kafa a bakin ruwa. Kwana kaɗan dinya ta gane ba ya motsi, ta koma kiwo a inuwarsa. Sai a ɗauki hayar kamfani mai karnukan kora. Karnuka su kore su zuwa tafkin unguwar maƙwabta, maƙwabta su ma su kira mai karnuka, a koro su su dawo. Mai karnuka kaɗai ke barci da murmushi. A Jami'ar Waterloo ta Kanada kuwa an miƙa wuya: aka yi wa ɗalibai taswira a intanet mai nuna inda sheƙoƙi suke, don mai neman digiri ya san ta inda zai zagaya.

Shawarar masana ma abin kallo ce. In ta taso maka kada ka gudu, kada ka juya baya, kada ka yi ihu. Ka dube ta, ka riƙa ja da baya sannu a hankali, wato gaisuwar fada sak. Sun ce yawancin masu jin rauni faɗuwa suke yi wajen gudu, dinyar ma ba ta kai ga taɓa su ba.

Wani lokaci raha takan koma ɗaci. Ranar 15 ga Janairun 2009 garken dinyoyi ya shiga injinan wani jirgin sama da ya tashi daga New York, matuƙin, Chesley Sullenberger, ya sauke shi a kogin Hudson, mutum 155 duka suka tsira. Binciken gashin tsuntsayen ya nuna masu ƙaura ne daga arewa. Amma a 2010, da sunan kare jiragen sama, aka tattara kusan dinyoyi 400 mazauna lambun Prospect a Brooklyn da ke New York aka hallaka su. An bar jaki ana dukan taiki. Jama'ar unguwa kuma, da masu burodi da wasu masu takalmi, suka tayar da jijiyar wuya suna cewa an zalunci bayin Allah.

A gaskiya dinyar nan ba ta yi komai ba illa koyi da maƙwabtanta. Ta bar yawon duniya, ta riƙe aure ɗaya, ta nemi gida kusa da ruwa mai shimfiɗar ciyawa, kuma ba ta yarda da baƙuwar fuska ba. Su ma haka suke: kyamara a ƙofa, allon "ba a shiga" a shinge, a leƙa ta labule, a kira 'yan sanda don wani ya tsaya neman adireshi. Bambancin kawai, ita ba ta biyan bashin gida, ba ta biyan haraji, kuma ina zargin wannan ne ke musu ciwo. Da za ta riƙa biyan kuɗin kwamiti na wata-wata, da tuni an zaɓe ta shugabar tsaron unguwa ba hamayya.