Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hajiya Iyaka Ta Maigatari

Ranki ya daɗe,

Ina fatan kina nan lafiya tsakanin Najeriya da Nijar, inda Turawa suka ajiye ki.

Ni ne ɗaya daga cikin samarin nan biyar da suka kafa tanti a bayan gari ranar Laraba. Daga Kano muka taso, muka biyo ta Gumel, takanas don mu gan ki. Tun muna firamare malamin labarin ƙasa ke zana ki da jan alli, ya ce tsawonki ya kai kilomita 1,500. Mun ɗauka za mu tarar da ganuwa ko ta kai rabin badalar Kano. Da muka iso, sai ga wani ƙarfe a gicciye kan hanya, an ɗaura masa igiya, ga benci a inuwar darbejiya. Abokina ya tambayi mai shayi ina iyakar take, ya ce masa, "Ai kana take ta."

Na san ke dattijuwa ce. Ingila da Faransa suka yi ta jan ki a kan takarda daga 1898 zuwa 1906, sannan jami'ansu Tilho da O'Shee suka bi daji suna kafa miki turaku. Amma Hajiya, mutanen nan ba sa jin tsoronki. Ranar Alhamis na tsaya a kara ina kallo. Raƙuma da bijimai da tumaki suka yi ta kwararowa daga wajen Damagaram, ko ɗaya bai nuna fasfo ba. Dillali ya yi ciniki da naira, ya karɓi la'ada da sefa. Yaron can ya ce lakwal zai je, na nan ya ce makaranta, kuma kakarsu ɗaya. Ko a 2019 da aka garƙame ki fiye da shekara guda, ba a fasa kai amarya ta hanyar gona ba.

Yanzu ga ƙarata. Da daddare ina kwance a tanti, wayata ta yi mini barka da zuwa Nijar. Na juya ɓarin dama, ta dawo da ni gida. Kafin asuba na yi tafiya ƙasar waje sau huɗu, ban sauka daga tabarma ba.

Wannan duk mai sauƙi ne. Muna sallar asuba wata jar akuya mai yankakken kunne ta kutsa tantinmu, ta cinye biredi biyu, ta haɗa da ledar dabino da cukun da na saya wa mahaifiyata tsaraba. Muka bi ta da gudu. Ta ratsa ta ƙarƙashin ƙarfenki, ta tsaya can tsallake tana tuƙa tana kallonmu. Mu kuwa aka tambaye mu takardu, kuma suna cikin jaka a tanti.

To, wa zan kai wa ƙara? Sarkin kasuwa ya ce akuyar ba ta nan ba ce. Wani Buzu ya ce ba ta can ba ce, a nan take kwana, can take kiwo.

Tunda ke kaɗai kika san ƙasarta, ki taimaka ki isar mata cewa na yafe biredin. Cukun ne dai Inna ke ta tambaya.

Naki mai biyayya,
Wani baƙo da bai tsallaka ba