Mota Mai Ƙafar Keke

Labari ya iso majalisar dattawa a Dawakin Tofa cewa a Ingila akwai attajirai waɗanda, bayan Allah Ya hore masu tsohuwar Jaguar E-Type ƙirar 1961, hankalinsu ba ya kwanciya sai sun ga ƙafafunta da wayoyi irin na keke, 72 a kowace ƙafa, suna bin su ɗaya bayan ɗaya da burushi. Aka yi salati.

Nan take wani Alhaji ya ƙudurta yi wa tsohuwar Peugeot 504 ɗinsa wannan gata, alhali kuwa ita baiwar Allah, tun fitowarta daga Kaduna, ba ta san wata hidima ba face jigilar buhunan gero zuwa kasuwar Dawanau. Sai mas'ala ta taso: idan waya ta tsinke, wa ke da hurumi, bakanike ko mai gyaran keke? Aka yi saɓani. Mai faci ya ce shi kam duk inda ta faɗi sha ne.

Daga bisani aka yi ijma'i cewa duk mai keken Raleigh a garin nan ya riga attajiran Ingila samun wannan daraja, saboda haka direbobi su daina danna masa hon.