Ana So Ana Kaiwa Kasuwa

Akwai wani shirin talabijin a Ingila da masoyansa suka kusa shekara hamsin suna zaman makokinsa, mamacin kuwa ya ƙi kwanciya. Sunansa Doctor Who. BBC ta fara nuna shi ranar 23 ga Nuwamba 1963, washegarin ranar da aka harbe Shugaba Kennedy na Amurka. Labarin wani baƙo ne mai zuciya biyu daga duniyar Gallifrey, ana ce masa Dakta, yana shawagi tsakanin jiya da gobe cikin wata shuɗiyar rumfar 'yan sanda mai suna TARDIS, wadda cikinta ya fi wajenta girma nesa ba kusa ba.

A 1966 rashin lafiya ya ci ƙarfin William Hartnell, wanda ya fara fitowa a matsayin Dakta. Maimakon a naɗe tabarma, sai masu shirin suka ɓullo da dabara: duk sa'ad da ajali ya ƙwanƙwasa wa Dakta ƙofa, sai ya sake jiki da fuska da hali, wani ɗan wasan ya ɗora daga inda aka tsaya. Haka Patrick Troughton ya shigo. Wato a kan sauyi aka kafa harsashin gidan. Sai Allah ya haɗa shi da masoyan da ba abin da suka tsana a duniya kamar sauyi.

Al'adar ba ta tashi. Da zarar an sanar da sabon Dakta, sai jama'a su ɗora hannu a ka: "Shi ke nan, an kashe shi. Wannan ba Daktana ba ne." Da aka ɗauko Matt Smith yana ɗan shekara 26, aka ce yaro ne, bakinsa na warin nono. Da aka kawo Peter Capaldi mai shekara 55, aka ce wa zai zauna kallon tsoho? A 2017 aka ba Jodie Whittaker, mace ta farko, sai wasu suka rantse cewa baƙo mai zuciya biyu da ke tsallake ƙarnuka a cikin akwati abu ne da hankali zai ɗauka, amma ya zama mace, wannan kam an shiga tatsuniya. Da Ncuti Gatwa, haifaffen Ruwanda da ya tashi a Sikotilan, ya karɓa a 2023, wasu suka sake kakkaɓo tsohon kukansu. Halinsu sak na uwar mijin da ba ta ganin kirkin matar ɗanta sai ranar da aka kawo wata: jiya miyarta ba gishiri, yau kuma "ai irin waccan yarinya ba a sake samu." Ranar da Dakta zai sake jiki, wanda ya fi kowa zaginsa a farko shi ke fara neman hankici.

Kada a ɗora wa intanet laifi, cutar ta girme ta. A 1976 shugaban ƙungiyar masoya shirin ya ɗauki alƙalami ya yi kaca-kaca da labarin The Deadly Assassin, yana kukan cewa armashin shirin ya gudu. Lokacin kuwa Tom Baker ne a kai, mai dogon mayafin wuya, zamanin da yau ake rantsuwa da shi, kuma wannan labarin na cikin waɗanda ake sa wa a sahun gaba. Ashe su ma mutanen zamanin zinariya wani zamanin suke kewa. Kowa ya tuna bara, bai ji daɗin bana ba.

A 1989 BBC ta gaji ta rufe shagon. Masu cewa gara a kashe shi su ne suka shekara 16 suna roƙon a tashe shi. Da Russell T Davies ya dawo da shi a 2005, aka ce soyayya ta yi yawa, ina ruwanmu da uwar Rose, abokiyar tafiyar Dakta, da saurayinta? Steven Moffat ya karɓa a 2010, aka ce labarinsa ya cika sarƙaƙiya, sai mutum ya riƙe takarda da fensir kafin ya gane wa ya haifi wa. Chris Chibnall ya zo, aka ce a dawo mana da Davies. Aka dawo da Davies, har da kuɗin Disney a aljihu, sai aka ce kuɗi ya ɓata yaro. Mutanen da suka shekara suna jin kunyar dodannin roba da bangon da ke rawa in an jingina, yanzu su ne ke cewa a nan albarkar take.

Abin da ya fi kowane kashi samun yabo shi ne kashin da ba wanda zai iya kallo. A shekarun 1960 da 1970 BBC ta riƙa goge tsofaffin kaset don ta sake naɗar wani abu a kai, kashi da yawa suka salwanta. A 2013 aka sanar cewa an tsinci guda 9 daga cikinsu a ɗakin ajiyar wata tashar talabijin a Jos, na labaran The Enemy of the World da The Web of Fear. Turawa suka yi ta murna kamar an ga watan Sallah, mutanen Jos kuwa ashe shekara da shekaru suna gadin zamanin zinariya ba ko tukuici. Kashi na uku na The Web of Fear ne bai fito ba, don haka ba sai an tambaya ba, shi ya fi sauran kyau.

Gaskiyar da ba a son ji ita ce, lissafin mai sauƙi ne. Tambayi mutum yaushe shirin ya fi daɗi, ka cire shekarar haihuwarsa, amsar ba ta wuce goma ko sha biyu. Ba Dakta yake nema a dawo masa da shi ba. Yammacin Asabar yake nema, lokacin da ba shi da kuɗin haya a kansa, ba ciwon baya, babbar damuwarsa a duniya ita ce dodannin Daleks, har ya ɓuya bayan kujera yana leƙe. Wannan kuwa ko Disney ba ta da kuɗin sayo masa shi.

Maganin ma BBC ta taɓa gwada shi. A 1986 wani saurayi ɗan shekara 16 ya fito a shirin Open Air, ya dubi marubutan shirin ya gaya musu aikinsu bai yi ba. Sunansa Chris Chibnall. Bayan shekara talatin aka miƙa masa ragamar gaba ɗaya, reshe ya juye da mujiya. Da ya sake tarihin asalin Dakta a 2020, masoya suka tono hoton nan na ƙuruciyarsa suka yi ta yawo da shi. Saboda haka ga shawarata: duk wanda ya shelanta cewa ya daina kallo, kuma aka kama shi mako na gaba yana sharhin minti arba'in, kada a yi musu da shi. A ba shi kujera da biro, a ce ya rubuta kashi takwas, sannan a ba sauran 'yan'uwansa adireshin ofishinsa.