Masu Jigon Fitila a Baleyara

Ranar Lahadi, in kasuwar Baleyara ta cika, masu hoto ma na samun rabonsu a gefen dillalan shanu da raƙuma. Ga wanda ya sayar da bijimi ya ɗinka sabuwar riga, ga mai neman hoton katin ɗan ƙasa, ga amaryar da aka rako daga ƙauyukan Tagazar. Da salula ta rage musu ciniki sai suka koma gasar haske, kuma a gasar nan babu abin da ke tona halin mutum kamar jigon fitila, sandar nan mai dogon hannu da ke miƙo fitila bisa kan wanda ake ɗauka ba tare da ƙafarta ta shiga hoto ba. Aikinta irin na jigon lambu ne. Fitila mai kilo 2 da aka miƙa mita ɗaya da rabi tana son kilo 6 a wutsiya in wutsiyar rabin mita ce, ban da nauyin sandar kanta. Lissafin bai wuce haka ba, amma kowa da hanyar da yake kauce masa.

Mai son araha yakan yi tafiyar kilomita wajen 100 zuwa Yamai ya dawo da siririyar sandar alminiyam. Ya ɗora mata fitila da laima, ya zare ta har ƙarshe, sai ta shiga ruku'u a hankali. Hoton la'asar haskensa ya fi na safe sauka da taƙi guda. In ka yi magana ya ce zafin rana ne.

Sai mai cewa, "Me mutanen Sin suka fi mu?" Shi wurin mai walda yake nufa da bututun famfo da tsohon ƙarfen amalanke. Abin da ke fitowa ba ya karyewa, har jikoki za su gada. Motsi ne kawai ba ya yi. Tun ranar da ƙarti huɗu suka shigar da shi shago yana nan inda aka dire shi, mutane ake juyawa: dogo a ce ya rage tsawo, gajere a sa masa bulo. A wutsiya kuwa mataccen batirin mota ya ɗaure, kuma a wannan gaɓa ya fi su duka hankali.

Ɗalibin YouTube ba ya jin sunan kowa sai Manfrotto na Italiya. Ya san sunan kowane kusa da Faransanci, faɗin shagonsa ne bai taɓa aunawa ba. Kaya suka iso, kai ya tokari rufin kwano, wutsiya ta leƙa titi. Yanzu jigon na kwance cikin jakarsa, sai a fada ake fito da shi a nuna wa abokai kafin shayi na biyu ya nuna.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mai jigo na ƙwarai da ya ƙi cika jakar yashi. Ba komai cikinta ake sayar da ita, kai za ka cika. A Baleyara fa muke, cikin Dallol Bosso, inda yashi ke bin mutum har cikin akushi, amma kullum amsarsa, "Gobe in sha Allahu." Ga shi ba ya ko saita ƙafa ɗaya ta gindin a ƙarƙashin hannun, wanda shi ke hana kifewa. Rawanin Buzaye ne ke rufa masa asiri: fitila ta dira a kan dattijo, dattijo ya gyara amawali ya ce, "An ɗauka?" Shi rawanin ma da nasa sharaɗin. Hasken da ke zuwa daga sama yana barin idanu cikin duhu a ƙarƙashinsa, sai an riƙe farin kwali daidai ƙirji ya maido da haske fuska. Wanda bai san haka ba rawani da hanci kawai yake ba mutum ya tafi da su Filinge.

Tsohon hannu yana zaune yana kallonsu. Shi zane yake ratayawa a inuwar katanga ya jira rana ta karkata, irin yadda Seydou Keïta, wanda ya buɗe wurin hotonsa a Bamako a 1948, ya riƙa aiki da hasken tsakar gida. Duk ranar da aka ɗauke wuta, layi ƙofarsa yake komawa, ba ya kuma ɓoye murmushinsa.

Saura mai yaro. Wannan bai sayi komai ba, ya ɗaure fitila a kan gora ya miƙa wa ɗan ƙanwarsa. Jigonsa na jin magana, yana ɗagawa yana saukewa, sai dai yana cin fura yana kuma gajiya.

"Kawu, hannuna ya mutu."

"Sauya hannu, ɗan nan. Amarya kaɗai muka gama, saura ƙawayenta."